Rami Goma Sha Takwas

Fom ɗin yana kan firij tun ranar Talata.
Delu ta danne shi da kwalbar zuma
don kada fanka ta yi gaba da shi.
Duk sanda na je shan ruwa sai mun haɗa ido.

Maikano ne ya kawo.
Ya ce, "Tukur, ba likita ya ce ka riƙa tattaki ba?
To ga tattaki mai dalili.
Rami goma sha takwas, ga iska,
kuma a can ake gamuwa da mutane."
Na ce, ni da na ajiye aiki,
wane mutum kuma ya rage ban gani ba?

Da dare na juya bayan takardar kuɗin wuta.
Kuɗin shiga kulob, buhun taki bakwai.
Na shekara, rajistar Rumasa'u a Kongo.
Sandunan golf, ko da na gwanjo ne,
sun cinye kwanon ɗakin baya
mai yoyo tun damunar bara.
Wai takalmin ma nasa daban.
Fansho kuwa hadarin kaka ne,
ya haɗo, ya yi rugugi, ya watse.

In tafiya ce, ai kyauta ce.
Daga Tudun Wada har Kwangila
ba mai tambayata katin shiga.
In ramuka ne, na layinmu
sun fi goma sha takwas.

Abin da Maikano bai sani ba,
na san filin nan tun bai san hanyar Zariya ba.
Ina ɗan shekara goma sha ɗaya
na saɓa jakar wani babba a reluwe,
jakar ta kusa kai ni tsawo.
Sule guda, in an gama zagaye.
Na san gindin dalbejiyar da ƙwallo ke ɓuya,
na san warin yashin da aka kwaɓa da baƙin mai,
ni ke share shi da tsumman buhu
kafin maigida ya auna rami.

Rana ɗaya ya juya yana kunna taba,
na zaro sanda, na buga.
Ƙas!
Ƙwallon ya tashi, ya haye mangwarori,
har yau ban ga inda ya sauka ba.
Na sha ranƙwashi, sulen ma ya tafi.
Shekara hamsin da 'yan kai,
ƙarar nan tana kunnena.

Ashe ba hawan jini nake wa lissafi ba.
Nawa ake sayar da ƙara ɗaya?
A wane layi na fom aka rubuta ta?

Delu ta ce, "In za ka shiga, shiga.
In ka fasa, ba ni kwalbata.
Amma dai ruwan sama ba ya karanta fom."

Ranar Asabar na bi Maikano a matsayin baƙo,
da sandar aro da takalmin zuwa gona.
Wani yaro, Isuhu, ya karɓi jakar
ya ce, "Yallaɓai, bismilla."
Na rasa inda zan ajiye idona.

Na gyara tsayuwa, na ja numfashi, na kai duka.
Sanda ta tono ƙasa.
Ƙwallo ya mirgina taku huɗu,
ya tsaya yana kallona.
Isuhu ya kau da kai yana duban tsuntsaye,
daidai yadda nake yi a da.
Can ya matso, ƙasa-ƙasa,
"Baba, ka yi saurin ɗaga kai ne."

Na sani, yaro.
Ni ma haka nake ce musu a zuci.

Da yamma na kira kafinta ya auna ɗakin baya.
Bayan ya tafi na ɗaga kwalbar zuma,
na rubuta sunana a layin farko,
Tukur Lawandi, da manyan baƙaƙe.
Sauran layukan
sai mun ga abin da masara ta yi.